Shaidar da Aka Hana Yaya

Har yau idan ina duba waya na ci karo da shafin wata mai sana'a, na ga an jera maganganun masu saye, wannan ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba, waccan ta ce an fitar da ita kunya, ga suna ga hoto ga murmushi, sai in kife wayar. Ba hassada ba ce. Yayata nake tunawa, da daminar da na yi ina yawo a garin Abuja ina roƙon mata su faɗi gaskiya a kan abin da suke ci kullum.

Yaya miya take yi. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ita babba ni auta, kuma tun rasuwar mijinta muke zaune tare a Kubwa, a wani gida mai ɗan tsakar gida da hayaƙi ya riga ya mayar da bangonsa baƙi. Ni ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina ɗan rubuce-rubucena a gefe. Ita kuwa tun kafin kiran sallar asuba take hura wuta. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofa. Kastomominta matan aure ne ma'aikata, irin waɗanda ke fita da duhu su tsaya bakin titi suna kokawar shiga mota zuwa cikin gari, su dawo bayan magariba ƙafa a kumbure, su tarar da maigida yana jiran tuwo da miyar kuka irin ta gidansu.

Ga yadda sana'ar take, don wanda bai sani ba ya sani. Yaya ba ta zuba wa kowa miya a roba. Kowace mata tukunyar gidanta take aikowa, wadda mijinta ya saba gani a kan gas, a zuba a ciki, a ɗaure murfin da tsumma, Yaya ta jera su cikin babbar jaka ta hau mota ta bi gida-gida. Ta ƙofar baya take miƙawa, ko a hannun maigadi, ko ta tsaya a bakin titi motar madam ta rage gudu a buɗe but a saka. Tare da kowace tukunya akwai ɗan ƙullin yankakkiyar albasa. Wannan na ƙamshi ne. Idan matar ta dawo aiki sai ta ɗora miyar a wuta, ta soya albasar a ɗan mai a gefe, gida ya ɗauka, maigida ya shigo ya ji ana girki. Yaya ce ta ƙirƙiro musu wannan dabarar, kuma kyauta.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai mata biyu da mazajensu abokai ne, suna cin abinci a gidajen juna, don haka Yaya ba ta yarda miyarsu ta zo iri ɗaya. Ta wannan a ƙara daddawa, ta waccan a sa man shanu a rage yaji. Kowace da hannunta, alhali duk hannun mutum ɗaya ne. A wayoyinsu ma ba a ajiye lambarta a matsayin mai miya ba. Wata ta rubuta tela, wata mai kitso, wata kuma, da idona na gani, ta rubuta mai gyaran firiza.

Shekaru ana haka har gwiwoyin Yaya suka fara ƙara idan za ta miƙe. Da na ga tana dafa bango kafin ta tashi daga kujerar tsuguno sai na ce ta daina yawon kai tukwanen nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce to in ta zauna wa zai kai tukwanen. Kullum sai ta ɗaure gwiwar hagu da tsohon ɗankwali, ta ɗauki jakar nan mai nauyi, ta bi caɓin unguwarmu zuwa titi.

Ana nan sai wani maƙwabcinmu da ke tuƙi a wani kamfani can Utako ya zo mana da labari: suna neman wadda za ta riƙa dafa wa ma'aikata abincin rana. Akwai kicin a ƙasan ginin, da gas, da famfo, da firji, har da kujera mai jingina. Mutum ya zo da safe kamar kowane ma'aikaci, ya tashi da la'asar. Ba itace, ba hayaƙi, ba hawa mota da tukwane. Ni tun daga nan na ƙwallafa rai, na ce gwiwar Yaya ta samu hutu, kuma a karon farko za a ci abincinta a san nata ne.

Muka kai ɗanɗano. Taushe da waina, da miyar agushi saboda waɗanda ba 'yan arewa ba. Kafin mu gama gaisawa da masu gadi an suɗe kwanukan. Shugabar sashen ma'aikata, wata mata 'yar Filato mai fara'a da kowa ke kira Madam, ta shigar da mu ofishinta ta ce abinci kam ya yi, saura abu ɗaya. Mai kamfanin ya taɓa ɗaukar wata da ta iya girkin rana ɗaya, bayan mako biyu aka koma cin ruwa da mai. Shi ya sa yanzu ba ya ɗaukar kowa sai da shaidar mutum uku da suka daɗe suna saye.

"Ba 'abinci yana da daɗi' nake so ba," in ji ta da irin Hausarta ta Abuja. "Kowa yana iya rubuta wannan. Mutum ya faɗa wahala da yake sha kafin ya san ta, ya faɗa abin da ya canza. Gajere kawai. A sa suna, a sa lamba, in da hoto ma ya fi. Oga zai kira da kansa."

Na yi dariya a gabanta, wallahi. Na ce Madam, uku kawai? Matar nan ta ciyar da rabin Gwarinpa. Na ce ta ba mu zuwa ƙarshen wata ta ga takardu. A motar komawa Kubwa ina ta zuba, ina tsara yadda zan yi, Yaya kuwa tana kallon taga. Sai da muka kusa sauka ta ce, "Auta, ki bi su a hankali."

Lokacin hutu ne, ina da sarari. Na zauna na tsara tambayoyina kamar yadda Madam ta nuna, don mutum in ka ce masa rubuta min yabo sai ya daskare, amma in ka tambaye shi abu ƙarami sai bakinsa ya buɗe. Kafin ki san Yaya, yaya kike yi da abincin dare? Me ya sauya a gidanki tun da kika fara saye? Wace miya ce ba ki yarda ta yanke miki? Na ce su amsa da baki kawai, ni zan gyara in karanta musu su amince. Har alfahari nake da tambayoyin nan. Ban lura ba cewa kowace ɗaya a cikinsu ta nufi daidai wurin da suka yi shekaru suna rufewa.

Ta farko da na kira, da ta gane inda na dosa, sai ta sassauta murya ta ce, "Auta, so kike ki kashe min aure?" Ta biyu ta aiko da doguwar addu'a, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya raya zuri'a, ba suna, ba miya, ba komai da zai nuna ta taɓa ganin Yaya. Wata ta ce in rubuta duk abin da na ga dama in sa "wata baiwar Allah" a ƙasa. Akwai wata 'yar kudancin Kaduna, mace mai kirki, babba ce a zumuntar mata ta cocinsu, ita ke tara amare tana yi musu nasiha a kan riƙon gida. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ba ni lemo, ta ce ba don Yaya ba da tuni ta bar aiki ko ta haukace. Na ce yawwa Anti, wannan ɗin nake so, maimaita in rubuta. Ta riƙe min hannu ta ce in rufa mata asiri, in matan nan suka ji da wane ido za ta dube su.

Kowa rufin asiri, rufin asiri. To asirin Yaya fa, wa zai rufa? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wadda ta yi musu. Duk sun yarda ita ce ta riƙe musu gida. A waya suna kuka suna godiya, a fili kuma ba su san ta ba, kamar wadda ke sayar da abin kunya. Miya ce fa. Kuɓewa da daddawa da nama. Kuma tsoron wa suke ji? Mazan da ba su san inda ake ajiye gishiri a gidansu ba, waɗanda suke fita aiki a mota ɗaya da matan, su dawo a goslo ɗaya, sannan su miƙe ƙafa a falo suna jiran a kawo musu miyar da ta yi awa uku a wuta. Ba wanda ya taɓa tambayar kansa a wane lokaci aka dafa ta. Na ji haushin mazan, na ji haushin matan, na ji haushin dangin da ke zuwa su buɗe tukunya suna auna mutuncin mace da ludayi.

Mutum ɗaya ne ya ba ni ba tare da ja-in-ja ba, wani gwauro ma'aikacin jinya da ke zuwa daga Gwagwalada duk ƙarshen mako ya sayi ta kwana bakwai. A tsaye ya amsa tambayoyina, ya ce da burodi da shayi yake kwana har ciwon ciki ya kama shi, ya gyara hula na ɗauke shi hoto. Shi namiji ne, sayen miya bai rage shi da komai ba. Na samu ɗaya, saura biyu.

Wayar Yaya kuwa cike take da saƙonnin murya. Na zauna wata rana da hantsi ina saurare. Wannan tana cewa Anti kin fitar da ni kunya, baƙin sun cinye tas. Waccan tana cewa yau maigida har santi ya yi. Shaidu ne da ko ni da nake rubutu ban isa in ƙirƙiri irinsu ba. Na ce Yaya, ga abin da muke nema a hannunmu, mu kunna wa Madam kawai. Ta miƙo hannu ta karɓi wayarta, ta cusa a ƙugun zaninta, ta ce ba don a kunna wa wani aka aiko mata ba. Na ce to bari in rubuta guda biyu da kaina, in sa lambar ƙawayena, duk garin nan haka ake yi. Ta dube ni ta ce, "Shaidar zur a kan miya, Auta? Me zan ce wa Allah?" Na yi tsaki na fita. Har gobe ina ganin da ta bar ni na kunna saƙonnin nan da ba a yi wa kowa zalunci ba, amma waya tata ce.

Sai ya rage mana mutum ɗaya, wata ma'aikaciyar banki a Gwarinpa, wadda ta fi kowa daɗewa. Tun tana amarya take aiko da tukunya. Ita ba ta ƙi ba. Ta ce Anti ta wuce haka a wurinta, za ta rubuta, za ta kuma sa ƙawarta ta rubuta, a cika uku. Sharaɗi ɗaya ta kafa: surukarta, uwar mijinta, ta dawo daga aikin Hajji ta sauka a gidansu, za a yi mata walima ranar Asabar, dangi za su taru. A bari a wuce wannan. Litinin ɗin da ke biye ita ce ranar da Madam ta ce mu kai takardu.

Ba sai na faɗi wanda ya dafa abincin walimar ba. Yaya ta kwana biyu a tsaye, taushe, waina, funkaso, farfesun kayan ciki. Da sassafe ranar Asabar muka ɗauki shatar mota, ana yayyafi, muka shiga ta ƙofar baya muka juye komai a tukwanen gidan. Matar gidan ta ɗaura zani a kan doguwar rigarta, ta shafa ɗan gari a hannu, ta soya albasarta. Za mu tafi sai ta roƙe mu mu tsaya mu taya ta zuba abinci, wai mai aikinta ba ta da lafiya. Yaya ta ce to. Ni ma na ce to, don ina son kafin mu bar gidan in karɓi alkawarina.

Bayan azahar falon mata ya cika. Hajiya tana zaune a tsakiya cikin fararen kaya, tsohuwa ce siririya mai kaifin ido, ana ta zuwa ana durƙusawa ana yi mata barka da dawowa, tana raba dabino. Aka fara ci, aka fara yabo. Wannan ta ce taushen nan sai ka ce a gida, waccan ta ce wainar kamar auduga. Matar gidan tana sunkuyar da kai tana murmushi. Ni ina zagayawa da jug ɗin zoɓo, ina haɗiye abin da ke taso min.

Yaya ta shigo da wani tire, sai wata ƙanwar maigidan, wadda ashe ta taɓa zama a unguwarmu, ta ƙura mata ido.

"Ke kam na san ki. Ba ke ce mai miyar nan ta Kubwa ba?"

Mata suka daina ci. Ƙanwar ta dubi kwanon da ke gabanta, ta dubi matar yayanta, ta yi wani ɗan murmushi da kowa ya gane ma'anarsa. A raina na ce alhamdulillahi, yau gaskiya ta fito da ƙafarta, ba ni na kira ta ba.

Hajiya ce ta yi magana.

"Mai sayar da miya ce? To madalla, yau kin zo makaranta. Ajiye tiren nan ki zo ki zauna." Ta nuna gefen dardumar da take kai. "Ku masu sayarwa na san aikinku, ruwa da dunƙule, a kaɗa a miƙa wa bayin Allah. A ɗebo mata taushen nan ta ji yadda 'yar mutane take girki. Tun da safe yarinyar nan take tsaye a kicin, ina jin ƙamshin albasarta daga ɗakina."

Aka yi dariya, irin dariyar da mutane ke yi idan an sauke musu nauyi. Yaya ta dafa hannun kujera ta durƙusa a hankali, na ji ƙarar gwiwar daga inda nake tsaye. Aka kawo mata ruwa ta wanke hannu. Ta gutsuri wainar da ita ta soya, ta dangwala a miyar da ita ta fere kabewarta, ta kai baki, mata sun zuba mata ido.

"Yaya kika ji?" in ji Hajiya.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena. Yaya ta ɗago ta yi min irin kallon da mahaifiyarmu ke yi mana idan muka yi shirin ba ta kunya a gidan mutane, sai na rufe.

"Masha Allah, Hajiya," in ji Yaya. "Kabewar ta nuna yadda ake so, gyaɗar ba ta danne ta ba, yakuwar kuma daidai. Wadda ta yi wannan ta san miya. Kun yi dace da suruka."

Shi ke nan. Ƙanwar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da cin abincinta. Ni kuwa ina tsaye da jug a hannu, na gane cewa shaidar da na yi wata guda ina nema ce na ji yanzu, gajera, mai ƙayyadaddun bayanai, daga bakin wadda ta san abin da take faɗa, a gaban jama'a, da fuska a buɗe. Sai dai Yaya ce ta bayar, kuma wadda ta yi mana alkawari ce ta karɓa.

Na sami matar gidan a kicin bayan an watse. Tun kafin in yi magana ta kama hannuna, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce na dai ga yadda abin yake, yanzu an sa mata ido, in sunanta ya fita a wata takarda ta shiga uku. Ta ce in ba Anti haƙuri. Ta ƙulla mana ragowar waina a leda mu tafi da ita gida. Wainar Yaya, ta ba Yaya tsaraba.

Ranar Litinin na je Utako ni kaɗai da shaidar gwauro da addu'ar da ba suna. Na yi wa Madam bayani tun daga tukunya har albasa. Ta saurare ni, ta girgiza kai, sannan ta tambaye ni a hankali ko Yaya tana kaiwa har Lugbe, don ita ma tana da tukunya. Amma zancen aiki, ta ce oga ba zai karɓa ba, ƙa'ida ce. An ba wata da ta kawo shaidu har shafi biyu. Madam ta nuna min su. Kowanne ya fara da "gaskiya ban taɓa", kowanne ya ƙare da "ina ba kowa shawara". Ni rubutu ne aikina, in hannu ɗaya ya rubuta abu na sani. Na ajiye mata takardar na fito, ban ma tsaya na yi sallama da masu gadi ba.

Da na gaya wa Yaya sai ta ce Allah bai nufa ba, ta ci gaba da gyaran zogalenta. Wannan haƙurin nata ma haushi yake ba ni.

A makon ne gwiwar ta kumbura sosai, na ce ba za ta ɗauki jaka ba, ni zan ɗauka, ta dai raka ni ta nuna min ƙofofi. Gidan ma'aikaciyar bankin yana cikin zagayen ranar, don ko kwana uku ba a yi da walima ba ta aiko da tukunyarta kamar ba abin da ya faru. Muka tura ƙofar baya da hantsi, lokacin da muka san ta tafi aiki, sai ga Hajiya zaune a kan farar kujerar roba a bayan kicin, tana shan rana da carbi a hannu. Ga mu, ga tukunya tana tururi ta gefen tsumma. Ba wurin ɓuya.

Yaya ta gaishe ta, ta fara in-ina, wai tukunyar da aka ara muka dawo da ita.

"Ajiye ta can inda kika saba ajiyewa," in ji Hajiya, ko kallon tukunyar ba ta yi ba. Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ce, "Ta ranar walima ta yi daɗi. Sai dai gishirinki ya ɗan yi min yawa, likita ya hana ni. Ki riƙa ragewa a tukunyar gidan nan har in koma."

Na ajiye jakar a ƙasa don kada ta suɓuce min.

"Ashe kin sani, Hajiya."

"Tun zuwana na farko gidan nan. Yarinyar da ba ta san inda muciyarta take ba?" Ta ɗan murmusa. "Amma tana fita da duhu ta dawo da duhu, tana girmama ni, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Sai in zuba ido su cinye ta a gaban jama'a?"

"Sai aka cinye yayata."

Yaya ta ce Auta, na ce a'a Yaya, yau sai na faɗa. Na gaya wa tsohuwar komai, kicin ɗin Utako, famfo da kujera mai jingina, shaidu uku, alkawarin da surukarta ta yi ta karya. Na nuna mata ɗankwalin da ke ɗaure a gwiwar Yaya, na ce a kan wannan gwiwar kika sa ta durƙusa ta yabi abin da ta dafa da hannunta. Ban zage ta ba, tsohuwa ce, amma ban rage komai ba. Ta saurare ni har na gama. Ta daɗe tana kallon gwiwar, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, na ga abin ya taɓa ta.

"Allah ya musanya mata da mafi alheri," in ji ta.

Na ce amin, amma ba addu'a muka rasa ba, Hajiya, addu'a har ta yi mana yawa. Layi biyu ne da suna. Ko yanzu in ta faɗi abin da ta faɗa ɗazu, cewa miyar ta yi daɗi kuma ta san mai ita, in rubuta, wata rana wani wurin zai nema.

Ta gyara mayafinta ta dube ni ido cikin ido.

"Me zan faɗa, yarinya? Ni ban san komai ba. Surukata ce take yi min girki."

Ta shiga ciki ta fito da dabino a leda da 'yar gorar zamzam, ta miƙa wa Yaya, Yaya ta karɓa da hannu biyu har da rusunawa.

A mota ina ta huci, har kwandasta sai da ya sha tsawa a wurina a kan canji. Da na waiga sai na ga Yaya tana murmushi ita kaɗai, ledar dabinon a cinyarta.

"Kin ji ta ce ta yi daɗi," in ji ta. "Tsohuwar nan ta san miya."

Na ce Yaya, wannan ne ya ishe ki? A bayan kicin, ba wanda ya ji sai ni da kujerar roba? Sai ta ɗauki dabino ɗaya ta sa min a hannu. Ban ci ba.

Bayan 'yan kwanaki ƙarar gwiwarta ce ta tashe ni kafin asuba. Na fito na tsaya a bakin ƙofa, hayaƙi ya cika tsakar gida, tukwanen mutane a jere a gindin bango, kowace da ƙullin albasarta a kan murfi. Yaya ta jawo ta gidan Gwarinpa ta ware ta gefe guda. Ta ɗebo gishiri a tafin hannunta, ta duba shi a hasken wuta, ta mayar da rabi cikin kwano.